Jam'iyya ba mu yarda da ita ba, to kamfani kuma wa ya aike shi?

Malam Isiyaku, Gadarif

Assalamu alaikum jama'a. Jiya da ake maganar kamfanonin da ke raba tallafi da hotuna, wani ya ce tunda mun yanke ƙauna daga jam'iyyu, sai mu yi murna kamfani ya shigo ya cike gurbi. Ni lissafina bai ba ni haka ba. Abin da ya hana ni yarda da jam'iyya shi ne dai ya hana ni son kamfani ya hau mumbari.

A fara da jam'iyyun, don kada a ce ƙiyayya ce kawai. Juyin mulki uku da suka daɗe a ƙasar nan ta Sudan, babu wanda soja ya yi shi kaɗai. Ranar 17 ga Nuwamba 1958, Firaminista Abdullahi Khalil na jam'iyyar Umma ne ya buɗe wa Janar Abbud ƙofa. A 25 ga Mayu 1969 Numairi ya zo da goyon bayan 'yan gurguzu, bayan shekara biyu, a Yulin 1971, ya rataye shugabansu Abdulkhaliƙ Mahjub. A 30 ga Yuni 1989 Jabha Islamiyya ta Turabi ce ta ɗauko Bashir, a ƙarshen 1999 suka raba gari, daga baya Turabin ya sha ɗauri. Dama da hagu da tsakiya, kowa ya taɓa zuwa bariki neman aron bindiga. Kafin nan ma, a 1965, majalisa ta kori zaɓaɓɓun wakilan jam'iyyar gurguzu, kotu ta ce korar ta saɓa tsarin mulki, gwamnatin farar hula ta yi kunnen uwar shegu da hukuncin.

Sai cikin gida. Sadiƙ al-Mahdi ya riƙe Umma daga 1964 har rasuwarsa a Nuwamban 2020. Muhammad Usman al-Mirghani ya gaji jagorancin ɗariƙar Khatmiyya a 1968, jam'iyyar Ittihadi kuma ta zama ta gidansa. A ƙarshen 2011 Bashir ya naɗa ɗan wannan da ɗan wancan mataimakansa a fada. Wanda ba ya zaɓe a ɗakinsa, yaya zai tsare maka naka?

Amma duk lalacewar jam'iyya, tana da ranar da za a iya kayar da ita. Manajan kamfani ba shi da wannan ranar a hannunka.

Ɗan Maiwurno

Malam, a yi mana gwari-gwari. Kamfani ya haƙa wa ƙauye rijiya, laifi ya yi?

Malam Isiyaku, Gadarif

A'a ɗana. Abu uku ne ake cakuɗawa. Na farko wajibi: albashi a kan lokaci, haraji, zakkar dukiyar ciniki kashi 2.5 cikin ɗari da Diwanin Zakka ke karɓa, da diyyar ɓarnar da aikinsa ya yi. Wannan bashi ne, ba a gode wa mutum don ya biya bashi. Na biyu kyauta, irin rijiyar da ka ce. Ita ina karɓa da sharaɗi. Na uku shi ne kamfani ya ɗauki sunansa da kuɗin tallarsa ya shiga rigimar jama'a, ya ce wannan ɓangare ne ke da gaskiya, ya biya kuɗin gangami, ya matsa wa ma'aikatansa su bi. Wannan na ukun nake ƙi, ko da ɓangarena ya ɗauka. Kuma yawanci ana cika baki da na biyu da na uku ne don a manta da na farko.

Ustaza Hauwa, Wad Madani

Malam Isiyaku, tarihin da ka kawo daidai ne, amma akwai rabin da ka bari. Kalmar "jam'iyyu sun lalace" ita ce jimlar farko a bayanin kowane soja da ya kama gidan rediyon Umdurman. Abbud ya faɗe ta, Numairi ya faɗe ta, a juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 ma da rigimar 'yan siyasa aka kafa hujja. Idan muka mayar da ita waƙa, aikin wani muke yi masa kyauta.

A ƙirga shekarun: 1956 zuwa 1958, 1964 zuwa 1969, sai 1986 zuwa 1989. Kusan shekara goma sha ɗaya ke nan na mulkin farar hula kafin faɗuwar Bashir a Afrilun 2019. Sauran duk jam'iyya ko an haramta ta, ko an tsaga ta da gangan. Waɗanda ake kira "ahzab al-fakka", wato jam'iyyun da aka farfasa kamar canjin kuɗi, ai ba daga sama suka faɗo ba. Ana ɗauko mutum biyar daga babbar jam'iyya a ba su ofis da mota da kujerar minista, su ɗauki sunan uwar su ƙara masa kalma ɗaya.

Sannan dubi abin da ya faru da lajnonin unguwa, wato kwamitocin da suka shirya zanga-zangar ƙin mulkin Bashir. Sun iya cika titi, sun iya tsare layin burodi da gas, amma da aka zo zama a teburi a Agustan 2019, jam'iyyun haɗakar Hurriyya wat-Taghyir ne suka sa hannu a takardar raba mulki da soja, domin su ke da wanda za a kira a waya. Takardar ta ce a kafa majalisar dokoki mai kujeru da ba su wuce 300 ba cikin kwana 90, kashi 67 na wannan haɗakar, mata aƙalla kashi 40. Ba a kafa ta ba har aka yi juyin mulki. Laifin jam'iyyu ne, na yarda. Maganinsa shi ne a ɗaure su da sharuɗɗa: babban taro duk shekara huɗu da ƙuri'ar sirri, wa'adi biyu ga shugaba, rajistar membobi da za a iya dubawa, da lissafin kuɗi da mai binciken waje ya sa wa hannu, a buga shi da sunan duk wanda ya ba da kuɗi mai yawa. Wadda ta kasa, kada sunanta ya hau takardar zaɓe.

Malam Isiyaku, Gadarif

Ustaza, ban ce a soke su ba. Cewa na yi ban yarda da su ba. Ɗan kasuwar da ka san yana tauye mudu ba ka daina sayen dawa, kana zuwa da naka mudun ne.

Baba Ɗanjuma, Sinnar

To bari tsoho ya sa baki, don mu Hausawan ƙasar nan mun fi kowa sanin bambancin haƙƙi da alfarma.

Dokar jinsiyya, wato zama ɗan ƙasa, ta 1957 ta ce sai wanda zuriyarsa ta wajen uba take zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Yaƙin Burmi kuwa a 1903 aka yi shi, Maiwurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, da jama'arsa sai wajen 1906 suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. Shekaru kaɗan ne tsakani, amma sun isa a bar dubban mutanen da aka haifa a nan ba takarda. Daga baya, a dokar 1994, aka dawo da ma'aunin zuwa 1 ga Janairu 1956. A tsakanin nan me ya faru? Takardar da ya kamata ka karɓa a taga da hujjarka ta koma abin da ɗan takara ke yi maka alkawari gab da zaɓe. Wanda ya samo maka ita kuma ya mallaki ƙuri'ar gidanka har jikoki. Wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Ga misalin ɗaya hanyar. A aikin noman auduga na Jazira, lokacin kamfanin Ingila, kuɗin auduga rubuce yake: kashi 40 na gwamnati, 40 na masu hawasha, wato manoman da aka yanka wa gona, 20 na kamfani. Bayan 1950 da hukumar Jazira ta karɓa, aka yanka kashi 2 na ayyukan jin daɗin jama'a, rijiyoyi da yaƙi da jahilci da makamantansu. Ba wanda ya zo da mai ɗaukar hoto. Kaso ne, in ba a biya ba akwai wanda za a kama da tambaya. Amma ku lura da inda ya gaza: ma'aikatan kanabi, wato sansanonin leburori da ake ce wa guda ɗaya kambo, waɗanda su ne ke tsinkar audugar, ba su cikin rabon da aka rubuta. Shi ya sa kambo ya shekara da shekaru ba ruwan famfo ba makaranta, ƙauyen da ke kallonsa yana da su. Abin da ba a rubuta sunanka a ciki ba, sai dai ka jira mai tausayi.

Injiniya Sabo, Atbara

Baba ya buɗe mini hanya. A harkar zinariya ne wannan abu ya fi fitowa fili.

Mai haƙar gargajiya yana niƙa dutse ya kama zinariya da zaibaƙ, abin da yake samu bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Ragowar ƙasar, wadda ake kira karta, kamfanoni ke saye su jiƙa da sinadarin sayanaid su tatse sauran. Aikin yana da ƙa'idoji sanannu. Ƙasan tafkin dole a daddaɓe shi a shimfiɗa roba mai kauri a haɗe gaɓoɓinta da wuta, a gwada kowace gaɓa. Ruwan dole a riƙa zuba masa farar ƙasa, ma'aunin pH ya tsaya sama da 10, don in ya sauka sayanaid ɗin tashi yake ya zama iska mai kisa. A bar sarari a bakin tafki saboda ruwan damina, a kewaye shi da waya saboda raƙuma da awaki, a haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji ta gangaren da ruwa ke bi, a riƙa auna su. Inda ake samun matsala kusan kullum wuri uku ne: an sa roba siririya ta tsage, an rage farar ƙasa don tsimi, ko an gina tafki a hanyar kwari, ambaliya ta zo ta kwashe.

Duk wannan kuɗi ne mai nauyi kuma ba ya hoto. Jakar azumi mai tambarin kamfani, da sukari da mai da dabino, arha ce kuma tana hoto. Sai ka ga wanda bai shimfiɗa roba ba shi ne kan gaba a rabon azumi da ɗaukar nauyin gasar ƙwallo, kuma shugabannin garin da ya kamata su yi magana su ne ke riƙe da jerin sunayen rabon. A Talodi ta Kurdufan ta Kudu, a Oktoban 2019, sai da mutane suka fusata suka ƙona kayan aiki kafin gwamnati ta fito da maganar hana zaibaƙ da sayanaid.

Kuɗin da ake karɓa da sunan "mas'uliyya mujtama'iyya", wato hidimar kamfani ga al'umma, shi ma in ba a killace shi ba siyasa ke cinye shi. Ku tuna ce-ce-ku-cen Agustan 2021, da aka nemi kamfanonin ma'adinai su ba da gudummawa a daidai lokacin bikin naɗa gwamnan yankin Darfur. Wanda lasisinsa ke hannunka in ka ce masa ya taimaka, ba roƙo ka yi ba.

Ɗan Maiwurno

Injiniya wannan ai zamba ce kawai, ba ra'ayi ba. Ni tambayata kan kamfanin da ya biya komai, sannan ya fito ya goyi bayan gaskiya.

Abu Yasir, Jidda

Ƙanena, wannan gardamar an daɗe ana yin ta a Amurka. A Satumban 1970 masanin tattalin arziki Milton Friedman ya rubuta a jaridar New York Times cewa manaja wakili ne, kuɗin da ke hannunsa na masu jari ne da ma'aikata da masu saye, in ya kashe su kan aƙidarsa ya zama mai ɗora haraji da ba wanda ya zaɓa. A Agustan 2019 shugabannin manyan kamfanoni 181 suka sa hannu a takardar da ta ce kamfani na kowa da kowa ne, ba na masu jari kaɗai ba. Daɗin ji gare ta, amma ba ta ba ma'aikaci ko ɗaya ƙuri'a a zauren daraktoci ba.

Mu da ke nan muna ganin abin da idonmu. Kamfani ɗaya, a watan Yuni zai canza launin tambarinsa a shafinsa na Turai da Amurka don wata fafutika, shafinsa na ƙasashen Larabawa kuma yana nan yadda yake. Da aƙida ce da ba ta san iyakar ƙasa ba. Sashen talla ne ya auna inda abin zai sayar da kaya.

Ga kuma yadda tsarin wakilci yake rikita lissafi. A Oktoban 2023 mai riƙe da sunan McDonald's a Isra'ila ya raba wa sojoji abinci kyauta. Wakilan ƙasashen Gulf suka fito suka ce ba ruwansu, har suka yi alkawarin tallafi ga Gaza. Suna ɗaya, matsayi biyu masu karo da juna. A Afrilun 2024 uwar kamfanin ta sanar da sayen shagunan Isra'ila 225 ɗin. Kamfanin Alshaya mai riƙe da Starbucks a yankin nan ya sallami ma'aikata kusan 2,000 a Maris 2024, bayan mutane sun ƙaurace wa kayansa. Wanda ya yanke shawarar yana ofishinsa, mai haɗa kofi ne ya koma gida.

Gwajin gaskiya dai shi ne Ben & Jerry's, masu ayis kirim. A Yulin 2021 suka ce za su daina sayar da kayansu a matsugunan Yahudawa na Gaɓar Yamma. Yawancinmu mun ji daɗi. To in ka tafa a nan, da wane baki za ka ce kamfani ya yi shiru ranar da ya ɗauki abin da ya saɓa wa addininka? Kuma ƙarshenta a Yunin 2022 uwar kamfanin, Unilever, ta sayar da harkar ga wakilinsu na can, kayan suka ci gaba da shiga.

Ɗan Maiwurno

Wato ƙaurace wa kaya ma kuskure ne ke nan, Yaya?

Malam Isiyaku, Gadarif

Ko kusa. Kai da kuɗin aljihunka, ka saya ko ka bari, haƙƙinka ne. Shi ma mai kamfani ya cire daga ribarsa ya bayar da sunansa na yanka, ba wanda ya hana shi. Abin ƙi shi ne ya yi magana da yawun ma'aikata dubu da ba su wakilta shi ba, da kuɗin mai saye da sabulu kawai ya zo nema.

Ustaza Hauwa, Wad Madani

Akwai inda wannan ƙa'idar take yoyo, Malam. Bayan watsa zaman dirshan masu zanga-zanga a Khartum ranar 3 ga Yuni 2019, an yanke intanet na wayoyi sama da wata guda. Kamfanonin sadarwa sun bi umarni, sun yi shiru, "ba ruwanmu da siyasa". Wani lauya ya kai ƙara ya yi nasara, aka mayar masa da layinsa shi kaɗai, sauran jama'a sai 9 ga Yuli. Shirun nan ɓangare ne. Kamfanin da ka koya wa cewa aikinsa riba ce kawai, ranar da aka ce ya kashe na'ura zai kashe.

Malam Isiyaku, Gadarif

Wannan a kashi na farko yake, Ustaza, wajibi. Na sayi layi, an yi alkawarin sabis. Abin da ake nema a wurin kamfanin ba wa'azi ba ne: ya ce a kawo umarnin a rubuce da sa hannu da ayar dokar da aka dogara da ita, ya sanar da masu layi, ya kai maganar kotu, ya mayar da kuɗin kwanakin da aka yanke. Lauyan nan ma ta ƙofar yarjejeniya ya shiga, shi ya sa ya ci.

Kuma mu mun ga inda auren kamfani da aƙida yake kaiwa. Tamkin, wato ɗora 'yan ƙungiyar Turabi a kan mulki da dukiya, ai shi ne wannan. Tun ƙarshen shekarun 1970 da aka buɗe bankunan Musulunci, bashin murabaha ya riƙa bin 'yan ƙungiya, bayan 1989 lasisin shigo da kaya da sassaucin kwastan suka bi sahu, ƙungiyoyin agaji suka zama 'yan kasuwa. Duk da sunan hidimar al'umma aka yi. Lajnar da aka kafa a ƙarshen 2019 don warware shi ita ma ta riƙa ƙwace dukiya a gaban talabijin kafin kotu ta yi magana, sai abin ya zo da sauƙin rushewa bayan Oktoban 2021. Ranar 1 ga Yuni 2023 da Amurka ta sa takunkumi, kamfanoni ta lissafa daga ɓangarorin biyu na yaƙin soja da dakarun RSF, har da al-Junaid ta zinariya da masana'antun tsaro na soja.

Baba Ɗanjuma, Sinnar

Na waje ma haka. Talisman ta Kanada ta sha matsin masu fafutika har ta sayar da kashi 25 ɗinta na man Sudan a 2003. Kamfanin gwamnatin Indiya ya saya, mai bai fasa gudu a bututu ko na yini ɗaya ba. Ƙaro kuma, da aka sa takunkumin 1997, masu lemon kwalba da magunguna da alewa suka tashi tsaye har aka buɗe masa ƙofa. A kan ƙaro bakinsu ya buɗe. A kan abin da mai tsaga hashab, itacen ƙaro, a Kurdufan yake samu bayan ya jira makonni kafin tsinkar farko, ban ji an yi gangami ba.

Hajiya Ladi, Bur Sudan

Duk na ji, amma masu takiyya, wato wurin dafa wa jama'a abinci kyauta, ba su da lokacin falsafa. Kamfani ya aiko da buhun adas 50, wato ƙananan wake, tukunya ba komai, mutane na layi da robobi. A mayar?

A karɓa, amma ga yadda ya kamata. Buhu mai kilo 50, in ana ba kowa giram 70, yana ciyar da mutum wajen 700 sau ɗaya. Takiyya mai ciyar da 700 kullum, buhu 50 abincin kwana 50 ne, ban da mai da albasa da gawayi, waɗanda mai kyautar ba ya tunawa da su. A nemi a haɗa da kuɗinsu tun farko, in ba haka ba adas zai zauna a sito ƙwari su shiga. A auna buhu biyar da ka a gaban mutum uku, a duba ranar lalacewa, a ba da rasit, a rubuta a littafin da kowa zai iya buɗewa. Ba ɗaukar fuskar mai karɓa, ba jawabi, ba miƙa jerin sunaye da lambobin waya ga kowa, jam'iyya ce ko kamfani. Kuma kada mai bayarwa ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigowa. A Fabrairun 2024 da layukan waya suka ɗauke, Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ya tsaya, takiyyoyi da yawa a Khartum sun sauke tukunya cikin 'yan kwanaki saboda hanya ɗaya suka dogara da ita. Mai kyauta ɗaya ma haka yake, ranar da kuka ƙi rataya kyallensa zai ɗauke.

Ɗan Maiwurno

Hajiya, in tambarin a jikin buhun aka buga fa?

Hajiya Ladi, Bur Sudan

A juye a mazubin takiyya, buhun a ba masu gawayi.

Ustaza Hauwa, Wad Madani

A nan kam ban bi ki ba, Hajiya. Sunan ya fito a littafi da allon sanarwa, da adadi da rana. Kuɗin da aka ɓoye mai shi ya fi wanda aka yi talla da shi haɗari, wannan shi ne dai abin da muke nema a wurin jam'iyyu.

Hajiya Ladi, Bur Sudan

Allon sanarwa na yarda, Ustaza, da alli, layi ɗaya da na matar da ta kawo mudu biyu. Kyalle ne ba za a rataya a kan tukunya ba.